Ƙarar Laifi a Kotun da Ba Ta da Hurumi

Hurumi shi ne ikon da doka ta ba kotu na sauraron wata shari'a da yanke hukunci a kanta. Kotun Ƙoli ta Najeriya ta bayyana a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, a 1962, cewa idan kotu ba ta da hurumi, duk abin da ta yi rusasshe ne, komai kyan yadda aka gudanar da shi. Yardar mai ƙara da wanda ake tuhuma ba ta ba kotu ikon da doka ta hana ta.

Hurumi yakan dogara ga abubuwa uku. Na farko, girman laifin. Kisan kai da fashi da makami sun fi ƙarfin kotun majistare. Na babbar kotun jiha ne, kamar wadda ke zama a Birnin Kudu. Shari'ar miyagun ƙwayoyi da hukumar NDLEA ke shigarwa kuwa ta Babbar Kotun Tarayya ce, wadda ke Dutse. Na biyu, inda aka aikata laifin. Gwaram tana iyaka da Jihar Bauchi, kuma abin da ya faru gaba ɗayansa a tsallaken iyaka na kotunan Bauchi ne. Na uku, wanda ake tuhuma. Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma dokokin laifinta Musulmi suka shafa. Kirista yana da damar ya nemi a kai shi kotun majistare ko babbar kotu.

Inda mutanenmu suka fi shan wahala shi ne tsarewar jiran shari'a. 'Yan sanda sukan gurfanar da wanda ake zargi da babban laifi gaban majistare, shi kuma ba zai iya sauraron shari'ar ba, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. A shari'ar Lufadeju da Johnson, a 2007, Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan tsarewa, amma ba ta zama hukunci ba. Idan dangi suka yi shiru, fayil yakan kwanta, mutum ya yi watanni ba a saurare shi ba.

Saboda haka idan an kira ɗan'uwa kotu, mu ba shi shawara ya je. Ƙin amsa sammaci yakan jawo a kama shi. A gaban alƙali ya faɗa da ladabi, shi ko lauyansa, cewa kotun ba ta da hurumi, ya roƙa a rubuta. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Idan an tsare shi, a nemi beli a babbar kotu, a kuma riƙa bin fayil ɗin a Dutse. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Ana iya tayar da batun hurumi ko a ɗaukaka ƙara, amma tun farko ya fi sauƙi. Mu kuma sani cewa korar ƙara don rashin hurumi ba wanke mutum ba ne. Sashe na 36(9) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana sake shari'a ne idan kotu mai hurumi ta riga ta yanke hukunci, don haka ana iya sake shigar da ƙarar a kotun da ta dace.