Allo, Boko da Garke: Yadda Aka Riƙa Raba Yinin Yaro Daga Salaga Zuwa Bawku

Jama'a masu saurare, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan mako. Maganar ta taso ne daga kukan iyaye. Yaro zai tashi da asuba ya je makarantar allo, ya wuce boko, ya dawo ya kora awaki ko ya tsare rumfa, da dare kuma ga aikin da malami ya bayar. Sai a ga yana gyangyaɗi a aji, a ce lalaci ne. To, bari mu duba yadda mutanen da suka yi.

A ƙarni na 19, Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Da rani fatake kan taso daga Kano da Katsina, su yi watanni a hanya, da yawansu su biyo ta Yendi. Mosawa kuma su gangaro daga arewa da shanu da tumaki da jakuna. Duk inda aka kafa zango, sai malami ya hura wutar karatu. Amma lura da tsarinsa: karatu da sassafe, a saki yara su yi wa iyaye aiki, a dawo da yamma ko bayan magariba. Alhamis hutu, Juma'a ma sai an sauko daga masallaci. Ba a ce wancan zamani babu wahala ba, akwai bulala, akwai bara. Sai dai an auna karatun da aikin gidan, aka kuma bar wa yaro ranar shan iska.

Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano a 1858, a haka ya tashi, yana karatu yana bin mahaifinsa fatauci. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kintampo da Yeji da Kete-Krachi. Shi ma daga baya ya koma Kete-Krachi, ya ci gaba da koyarwa har ya rasu a 1934. Wato karatu yana bin iyali duk inda neman abinci ya kai su.

Boko kuwa da agogonsa ya zo. Turawan Ingila sun buɗe makarantar gwamnati a Tamale a 1909, sannan dokar ilimi ta 1961, zamanin Kwame Nkrumah, ta mai da firamare dole kuma kyauta. Alheri ne babba, amma ƙararrawa ba ta san lokacin shuka ba, ba ta san ranar kasuwa ba. Iyaye ba su yarda su bar allo ba, ba su iya barin garke babu mai kiwo ba. Sai aka ɗora sabon kaya a kan tsoho, ba a sauke komai ba. A 1987 gwamnatin Gana ta kafa sashen ilimin Musulunci don a haɗa Larabci da boko a makaranta guda, abin da ya rage wa wasu yara zirga-zirga. Daga 1990 kuma jarrabawar BECE ta shigo da tata fargabar.

Ga kuma tsoro. Yaƙin 1994 ya taɓa yankin Salaga da Yendi, kisan Ya Na Yakubu Andani na Biyu a 2002 ya jefa Yendi cikin dokar hana fita, Bawku ma ta sha irin wannan doka saboda rikicin sarauta. Yaron da ya kwana yana jin harbi ba zai riƙe lissafi da safe ba, kuma duka ba zai gyara shi ba.

Wani abin lura ya faru a 1995. Ƙungiyar School for Life ta fara koyar da yaran ƙauyukan Dagbon da ba sa zuwa boko. Aji da rana bayan an taso daga gona da kiwo, cikin harshen gida, na wata tara, mutanen gari ne ke zaɓar lokacin. Da yawa daga cikin yaran sun wuce makarantar gwamnati daga nan. Ashe dabarar malaman zango ce ta dawo da sabuwar riga.

To, me za mu ɗauka? Madugu ba ya ɗora wa jaki kaya sai ya auna nisan hanya. Maigida, zauna da uwargida ku ƙirga yinin yaronku, daga asuba zuwa kwanciya, ku ga ina barci, ina wasa. Kasuwar Bawku tana ci duk bayan kwana uku, to a yi karɓa-karɓa tsakanin yara, kada kullum a cire mutum ɗaya daga aji, musamman 'ya mace. Idan jarrabawa ta matso, a rage masa kiwo. Idan za a tashi da shanu, a gaya wa malamin allo da na boko tun da wuri. In kuma ka ga yaro ya daina cin abinci ko yana firgita da dare, tambaye shi a hankali kafin ka ɗauki sanda.

Allah ya raya mana zuri'a, ya zaunar da iyakokinmu lafiya. Sai mako mai zuwa.