Famfon zuciya: me ya sa ake fara gwada shi kan maruƙa?

Jama'a, famfon zuciya ƙaramin inji ne da ake dasawa a ƙirjin wanda zuciyarsa ta gaza. Shi ke tura jini har a samu wata zuciyar da za a sa masa.

Amma kafin ya shiga jikin mutum, sai an gwada shi kan maraƙi ko tunkiya, don girman zuciyarsu ya kusa da na tamu. Babban abin dubawa shi ne kada jini ya daskare cikin injin, saboda gudan jini na iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Haka aka yi a Faransa: an gwada zuciyar Carmat kan maruƙa, sannan aka dasa wa mutum na farko a Paris cikin Disamba 2013.