Kogunan Birnin Notingham: Tarihin Talakawa a Ƙarƙashin Ƙasa

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci birnin Notingham da lardinsa na Notinghamsha a tsakiyar ƙasar Ingila, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne labarin Robin Hud, ɓarawon nan na almara. Makasudin wannan takarda shi ne mu jawo hankali ga wani tarihi na haƙiƙa wanda almarar ta danne, watau kogunan da ke ƙarƙashin birnin. An ƙidaya fiye da 800, kuma dukkansu hannun mutum ne ya haƙa su. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan koguna sun adana labarin talakawa wanda littattafan sarakuna suka tsallake.

Asalin Kogunan

Birnin yana zaune ne bisa wani irin dutse na yashi, mai taushin da za a iya sassaƙa shi da ƙarfen hannu, amma mai ƙarfin da rufinsa ba ya rubzawa da sauƙi. Tun a shekarar 893 wani malamin coci mai suna Asser, wanda ya rubuta tarihin Sarki Alfared, ya ambaci wurin da wani tsohon suna mai ma'anar gidan koguna.

Kogon da ya fi shahara shi ne hanyar da ke ƙarƙashin fada. A shekarar 1330 mutanen Sarki Edwad na III suka bi ta wata ɓoyayyar hanya suka kama Roja Motima, wanda ya riƙe mulki tare da uwar sarkin. Wannan ya shiga littattafai domin sha'anin sarauta ne. Sauran kogunan kuwa na masu sana'a ne. A wasu an busar da tsiron sha'ir, a wasu an ajiye giya saboda sanyinsu ba ya sauyawa rani da hunturu. Akwai kuma majema, wadda aka yi aiki a cikinta wajen shekarun 1500 zuwa 1640, inda aka sassaƙa ramuka a jikin dutse ana jiƙa fatu da ɓawon itace, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa.

Koguna a Matsayin Gidaje

A nan ne muhimmancin al'amarin ya fi fitowa. Yawan mutanen birnin ya tashi daga kimanin 11,000 a 1750 zuwa kimanin 50,000 a 1831, saboda bunƙasar saƙar safa da leshi. Amma birnin bai faɗaɗa ba, domin masu haƙƙin kiwo a filayen da ke kewaye da shi sun ƙi yarda a yi gini a kansu. Da ƙasa ta ƙare a sarari, sai matalauta suka gangara ƙarƙashinta, suna biyan haya a ɗakunan da ba iska ba haske. Sai a 1845 aka kafa dokar da ta buɗe filayen ga gini, ta kuma hana ba da koguna haya don zama. Bayan kusan shekara ɗari, a Yaƙin Duniya na Biyu, jama'a suka sake fakewa a cikinsu, musamman a daren 8 ga Mayu 1941 da jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai.

Kammalawa

A ƙarshen shekarun 1960 an rushe tsohon titin Drury Hill don gina kasuwar zamani, kuma da ƙyar masu kishin tarihi suka ceci majemar da ke ƙarƙashinsa. Daga 2010 aka shiga auna kogunan ɗaya bayan ɗaya da na'urar leza. Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin wajibi ne mai nazarin tarihin kowane gari ya haɗa takardun fada da abin da majemi da masaƙi suka bari, domin su ba su rubuta kome ba, wuraren aikinsu da makwancinsu ne kaɗai shaidarsu.