Daga Risho Zuwa Kurfoti: Me Ya Sa Muke Komawa Baya?

Jama'a, duk wanda ya leƙa kasuwa kwanan nan ya ga yadda buhun gawayi ya zama abin rububi. Gidajen da suka yi shekaru suna girki da gas sun jingine silinda, sun kakkaɓe kurfoti. Wannan komawa baya tana da tarihi, kuma ya kamata mu tuna shi.

Iyayenmu da murhun duwatsu uku suka tashi, da itace da kara. Bayan da arzikin man fetur ya zo a shekarun 1970, kananzir ya yi araha, risho ya shiga kayan ɗakin amare a birane. Sai aka shiga shekarun 1990, kananzir ya yi ɓatan dabo, talaka ya koma cusa garin katako cikin gwangwani yana hurawa. Shi ne murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha. Daga baya gwamnati ta ce lita naira 50 ce, amma mutum nawa suka taɓa samu a haka? A 2016 aka janye tallafin, aka ce kowa ya koma gas. A 2021 ma aka ayyana shekaru goma na gas, kuma tun daga lokacin farashinsa ya kama hawa.

Ba a rasa ƙoƙari ba fa. A ƙarshen 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Kwangilar ta ƙare a rigima da kotu, aka jibge murhunan da suka iso a filin wasa na Abuja, matan kuma suka ci gaba da shaƙar hayaƙi.

To, wasu ƙasashen yaya suka yi? A Kenya, farkon shekarun 1980, aka fito da murhun gawayi mai suna Jiko: jikinsa ƙarfe, cikinsa yumɓu da ke riƙe zafi, don haka gawayi kaɗan yake ci. Maƙera da magina tukwane na gari aka koya wa aikin, suka riƙa sayarwa a kasuwa, har ya bazu zuwa maƙwabtan ƙasashe. Nan kusa da mu, a Yamai, an yi irin haka da murhun ƙarfe na itace wanda sunansa ma Hausa ne: Mai Sauƙi. Ita kuwa Indunusiya da ta so raba mutanenta da kananzir a 2007, sai ta ba gidaje sama da miliyan 50 ƙaramar silinda mai kilo 3 da kan girkinta kyauta, ta sa tallafi a gas ɗin, sannan ta riƙa janye kananzir yanki bayan yanki.

Darasin a fili yake. Uwargida ba da takardar gwamnati take zaɓar makamashi ba. Tana duba abin da ke hannun maigida yau, da ko murhun zai ɗauki tukunyar tuwon mutum goma ba tare da ya kife ba in ta sa muciya, da ko akwai mai gyara a unguwa. Gawayi ana ƙulla shi kaɗan-kaɗan a leda, shi ya sa yake kayar da gas.

Kuma abin ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutane wajen miliyan 3 duk shekara, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa. Ga dazuzzukanmu ana ta lodawa a manyan motoci, hamada na matsowa.

In gwamnoninmu da gaske suke, su bar kwangilar shigo da murhu. Su horar da maƙeran Kano da Gusau da Azare, su ba mata bashin saye a biya kaɗan-kaɗan, su tsayar da farashin gas wuri guda. Hana sare itace ba tare da ba mutum abin da zai dafa tuwo ba, ai zance ne kawai.

Allah Ya kawo mana sauƙi.