Baƙo da Mai Masaukinsa: Tarihin Saukar Matafiya a Birnin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, watau da hantsi ya ɗaga sai a neme shi a rasa. Amma duk da gajartar zamansa, sau da yawa shi yake ganin abin da ɗan gari ya daina gani saboda sabo. Wannan ne ya sa masu nazarin tarihin Kano suke yawan komawa ga littattafan baƙin da suka ziyarci birnin a ƙarni na 19, don su san yadda kasuwa take a wancan zamani, da tsawon ganuwa, da yawan jama'a. Sai dai akwai mutum guda da ake mantawa da shi a cikin wannan nazari, shi ne wanda ya sauki baƙon. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, duk matafiyin da ya shigo Kano shi kaɗai, abin da ya gani da abin da ya ji ya rataya ne a kan gidan da ya sauka. Saboda haka tarihin masu yawon ganin gari ba ya cika sai an haɗa shi da tarihin zango da zaure da gidan fatoma.

Matafiyi da Hanya

A zamanin da, tafiyar mutum ɗaya abu ne mai haɗari. Alal misali a ɗauki mutumin da ya taso daga Kiyako ko wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suke cikin ƙasar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin mil 80 ne, tafiyar kwanaki ke nan ga mai jaki ko mai ɗaukar kaya a ka. Daɗin daɗawa, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1882), wannan yanki ya sha fama da hare-haren Ningawa, waɗanda kan fito daga duwatsunsu su kama mutane su kore dabbobi. Don haka wanda ya fito daga gida shi kaɗai yakan jira ayari ya bi, ya shiga ƙarƙashin madugu, ya biya rabonsa na kuɗin fito da na garama. Idan an iso ƙofar birni sai ayari ya watse, kowa ya nufi mai gidansa. A nan ne ainihin kaɗaicin baƙo yake farawa, a nan kuma tsarin masauki yake karɓarsa.

Masauki Iri Uku

Masauki na farko shi ne na sadaka. Addinin Musulunci ya ba baƙo haƙƙin liyafa ta kwana uku, ya kuma sanya matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutane takwas da ake ba zakka. Wannan ne asalin maganar nan ta baƙonka annabinka. Baƙon da bai san kowa ba yakan nufi masallaci ko gidan mai unguwa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa da fura, da dare a fito masa da tuwo. Almajirai da gardawa da maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa, da irin wannan masauki suka dogara.

Na biyu shi ne zango, wurin da ayari yake sauke kaya, a ɗaure dabbobi, a kafa bukkoki. Akwai sarkin zango mai lura da shi. A Kano, Fagge da ke wajen ganuwa ta yi suna a matsayin masaukar ayarin raƙuma daga arewa. Wannan kalma ta zango ta bi fataken goro har Gwanja, shi ya sa unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara ake kiransu zango har yau.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga wannan bayani, shi ne gidan fatoma. Fatoma mutum ne ɗan gari mai babban gida, wanda sana'arsa ita ce saukar baƙi. Yakan ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, ya kuma raka shi gaban alƙali in rigima ta taso. Ba a cika biyansa kuɗin kwana ba, ribarsa tana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa. Jarin fatoma kuwa amana ce, domin ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai bi ayari har Borno da Agadas. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya buga a 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu da goro a can kacokan yana tafiya ne a kan irin waɗannan masu gida.

Sunayen unguwannin Kano ma kansu shaida ne. Akwai Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, kowacce tana nuna inda baƙin wata ƙasa suka saba sauka har suka zama 'yan gari. Sharifai kuma tana tuna zuwan Shehu Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Har ila yau akwai Alfindiki, wadda masana suke danganta sunanta da kalmar Larabci ta funduƙ, watau gidan saukar 'yan kasuwa irin na biranen Afirka ta Arewa.

Clapperton a 1824

Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa na Ingila wanda ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya taso daga Kukawa ta Borno a watan Disamba 1823 tare da abokinsa likita Oudney. Oudney ya rasu a hanya kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu 1824, saboda haka Clapperton ya shigo Kano ranar 20 ga watan ba tare da wani ɗan ƙasarsa ba. Ya ci ado da kayan sarki yana tsammanin gari zai taru kallonsa, amma ya ba da labari da kansa cewa mutane ko ɗaga kai ba su yi ba, kowa yana harkar gabansa. Kano ke nan, ko da me ka zo an fi ka.

Abin da ya cece shi shi ne takardar da ya riƙo daga Shehun Borno Muhammadu Al-Kanemi zuwa ga wakilinsa a Kano, wani attajiri da Clapperton ya rubuta sunansa Haji Hat Salah. Wannan mutum ne ya sama masa gida, ya kuma shige masa gaba wajen ganin Sarki Ibrahim Dabo. Idan aka karanta bayanin Clapperton a kan Kano za a ga cewa inda ya fi ƙarfi shi ne kasuwa, domin a hannun ɗan kasuwa ya sauka. Ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce zagayen ganuwa ya kai mil 15 da ƙofofi 15, kuma gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikinta ba. Ya kuma bayyana wata doka ta Kasuwar Kurmi, cewa akan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda in an kai shi Borno aka buɗe aka tarar da algus, sai a komo da shi, dillali ya nemo mai kaya, a mayar wa mai saye kuɗinsa. Baƙon da yake yawo a titi ba zai san wannan ba, sai wanda yake kwana yana tashi a cikin dillalai.

Barth a 1851 da 1854

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ƙetaro Sahara tare da Richardson da Overweg, amma suka rabu a Damargu a watan Janairu 1851, kowa ya kama hanyarsa. Ya biyo ta Katsina ya iso Kano ranar 2 ga Fabrairu, a zamanin Sarki Usman. Wakilinsa a birni shi ne Bawu, ɗan wancan Haji Hat Salah da ya sauki Clapperton shekara 27 da suka wuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa saukar baƙi gado ce da ɗa yake ɗauka daga uba.

Sai dai Barth bai ji daɗin masaukinsa ba. An sauke shi a unguwar Dala a wani gida mai duhu, ga zazzaɓi, ga bashi, ga kayan da ya aiko gaba sun faɗi a kasuwa, ga kuma kyautar da dole ya kai wa Sarki da Galadima. Da ya sami sauƙi sai ya hau doki ya zaga gari, ya hau Dutsen Dala ya zana hoton birnin, ya kuma tsara taswirarsa da sunayen unguwanni. Ya ƙiyasta mazauna Kano 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake suke cika gari, adadin yakan kai 60,000. Ya kamata a tsaya a yi tunani a kan wannan lissafi. Idan ya yi daidai, to, a kowace rani rabin mutanen da ke kwana a Kano baƙi ne, kuma birnin yana saukar su duka ba tare da otel ko ɗaya ba. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, kuma ta hannun waɗannan baƙi da masu masaukinsu suke fita.

Da ya komo daga Tambutu a watan Oktoba 1854, ya tarar an daɗe da baza labarin mutuwarsa, ba kuma kuɗin da ke jiransa. Sai da ya ci bashi mai tsada a wurin fataken Gadamus kafin ya iya ci gaba zuwa Borno. Littafinsa mai juzu'i 5, wanda aka buga a 1857 da 1858, yana cikin manyan madogaran tarihin Kano. Amma mai karatu ya lura da inda yake tsaye. Dala unguwar Larabawa ce da manyan 'yan kasuwa, kuma yawancin labarin da ya samu daga bakinsu ya fito.

Zamanin Turawa da Bayansa

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, titin jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Daga nan tsarin masauki ya rabu. Ma'aikatan gwamnati masu rangadi suka riƙa sauka a gidajen bariki da aka gina musu a wajen gari, baƙi daga kudu kuma aka ware musu Sabon Gari. Watau baƙo ya koma kwana a wajen ganuwa, yana shiga birni da rana kallo kawai. Fatoma bai mutu ba, ya ci gaba a cinikin shanu da goro da hatsi, amma mota ta rage kwanakin da baƙo yake yi a hannunsa.

A wannan zamani ne kuma aka fara wani sabon abu a Turai. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, ya fito da shawarar gina masaukai masu araha don matasa masu yawon buɗe ido a 1909, aka kuma kafa na dindindin na farko a garin Altena bayan 'yan shekaru. Jikokin wannan al'ada ne suka riƙa ratso Sahara a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su sauka a sansanin masu yawon buɗe ido da ke Titin Bompai a Kano. Sukan hau Dala, su ga karofin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi da Gidan Makama. Masu ƙwazo daga cikinsu sukan kama hanyar Wudil zuwa Birnin Kudu don ganin zanen shanu na mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar masana a tsakiyar shekarun 1950. Wannan hanya ta Sahara ta toshe a farkon shekarun 1990 saboda tawayen Abzinawa a Nijar da yaƙin basasar Aljeriya.

Bambancin da ke tsakanin masaukin matasa na Turai da gidan fatoma a fili yake. A na farko baƙo yana kwana ne da baƙi 'yan'uwansa, ya biya kuɗin gado, ya ɗauki taswira ya fita. A na biyu yana kwana a gidan ɗan gari wanda ya ɗauki nauyinsa, wanda kuma mutuncinsa yake rataye da lafiyar baƙon da dukiyarsa.

Kammalawa

Daga wannan bayani za a iya fitar da abu biyu. Na ɗaya, duk mai amfani da littattafan Clapperton da Barth ya fara tambayar gidan wa suka sauka, domin abin da mai masauki ya nuna musu shi suka fi gani, abin da ya wuce da su ba tare da tsayawa ba kuma ya ɓace daga rubutunsu. Na biyu, Turawan da suka rubuta littafi 'yan ƙalilan ne a cikin dubban baƙin da Kano take sauka kowace shekara. Labarin sauran, irin su falken Gwaram da almajirin Birnin Kudu, yana wurin zuriyar fatomomin da suka sauke su, a Fagge da Alfindiki da Zangon Barebari. A 2007 an sanya ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 2024 kuma hukumar ta karɓi hawan sallar Kano cikin al'adun da ake adanawa. Zaure da gidan fatoma ba su shiga kowane jeri ba, alhali ana ta rushe tsofaffin gidaje ana gina shaguna, dattawan da suka san sana'ar kuma suna ƙarewa. Aikin da ke gaban sassan tarihi da na Hausa a jami'o'i shi ne su tura ɗalibai waɗannan unguwanni, su rubuta sunayen gidajen da suka yi saukar baƙi, da ƙasashen da baƙinsu suke fitowa, da ƙa'idojin la'ada da ajiya da lamuni, tun masu ba da labarin suna raye.