Ginin Ɗakin Ɗaukar Murya da Kayan Aikinsa: Nazari a Kan Tarihin Situdiyon Abbey Road na Landan

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda aka gina ɗakin ɗaukar muryar mawaƙa, watau situdiyo, da yadda aka zuba masa kayan aiki, ta hanyar duban tarihin gida guda, shi ne Abbey Road da ke birnin Landan. Mun zaɓe shi saboda dalilai biyu. Na farko, an gina ɗakunansa tun daga harsashi domin ɗaukar sauti kaɗai, a zamanin da aka saba aron zaure ko ɗakin otal a yi aikin. Na biyu, tun daga 1931 yake aiki, saboda haka babu wani babban sauyi na wannan sana'a da bai ratsa ta cikinsa ba.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ɗakin da kansa kayan kiɗa ne, daidai da ganga ko goge, kuma duk na'urar da aka shigar cikinsa an shigar da ita ne domin warware wata matsala da ke tsakanin muryar mawaƙi da bangon da ke kewaye da shi. Wannan magana ta shafe mu, domin jami'o'inmu da gidajen rediyonmu su ma suna gina irin waɗannan ɗakuna, kuma sau da yawa kuɗin na'ura kan cinye kuɗin gini.

2.0 Zamanin Ƙaho

Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar magana a 1877, sa'an nan Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai faifai a 1887. A 1898 aka kafa kamfanin Gramophone a Landan, wanda ma'aikacinsa Fred Gaisberg ya buɗe wurin ɗaukar waƙa a titin Maiden Lane. A wancan lokaci babu lantarki a cikin aikin. Mawaƙi kan tsaya gaban wani babban ƙaho mai kama da mazurari, ƙarfin muryarsa ya girgiza wata 'yar fata a ƙarshen ƙahon, ita kuma ta motsa allura, allurar ta yi zane a kan faifan kaki.

Sauti dai girgizar iska ne, kuma kunnen matashi mai lafiya yana jin daga girgiza 20 zuwa 20,000 a sakan ɗaya. Ƙahon nan kuwa abin da yake iya kamawa bai wuce daga kimanin 250 zuwa 2,500 ba. Saboda haka mawaƙi ne ke bauta wa na'ura. Idan zai ɗaga murya sai ya ja da baya don kada allura ta yi tsalle, idan zai sassauta sai ya kusan cusa kansa cikin ƙahon. Akan ɗora fiyano a kan dandamali domin ya yi daidai da bakin ƙaho, makaɗa kuma su cunkushe wuri ɗaya. Muryar da ta yi sa'a ita ce mai kauri da ƙarfi, irin ta Enrico Caruso, wanda Gaisberg ya ɗauki waƙoƙinsa goma a wani ɗakin otal a birnin Milan na Italiya a watan Afrilu na 1902. Abin lura a nan shi ne, ɗakin otal ya wadatar, domin ƙaho kurma ne ga abin da bango yake yi.

3.0 Ilimin Amsa-kuwwa da Zuwan Lantarki

Abubuwa biyu ne suka mayar da gini ya zama tilas. Na farko ilimi ne. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca wanda ba a fahimtar maganar malami a cikinsa, domin kalma kan yi fiye da sakan biyar tana yawo kafin ta mutu. Sabine ya riƙa yin gwaji da dare, yana ɗauko matasan kujeru daga wani zaure yana jerawa, yana auna lokaci da agogo. Daga nan ya gano ƙa'idar da ake amfani da ita har yau, cewa tsawon amsa-kuwwa yana ƙaruwa da girman cikin ɗaki, yana kuma raguwa da yawan abubuwa masu shanye sauti. Da wannan ƙa'ida aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Magana tana son amsa-kuwwar da ba ta kai sakan ɗaya ba, babbar ƙungiyar makaɗa kuwa tana son kimanin sakan biyu.

Na biyu shi ne makirufo. A 1925 kamfanoni suka koma ɗaukar sauti da lantarki bisa tsarin Western Electric, wanda ya faɗaɗa abin da faifai ke kamawa zuwa wajen girgiza 6,000. Wannan ya 'yantar da mawaƙi, har aka sami masu rera waƙa a hankali kamar mai raɗa, irin su Bing Crosby. Amma makirufo ya zo da fitinarsa, domin ba ya zaɓe. Yana jin muryar, yana jin dawowarta daga bango, yana kuma jin motar da ke wucewa a titi. Daga nan matsalar magini ta kasu biyu, watau hana ƙarar waje shigowa, wadda maganinta bango mai kauri da nauyi da ƙofofi masu rufuwa ruf, da kuma gyara sautin ciki, wanda maganinsa girman ɗaki da abin da aka lulluɓe bango da shi. Wajibi ne a bambanta waɗannan biyu, domin labule da katifa suna rage amsa-kuwwa, amma ba sa tare ƙarar waje.

4.0 Ginin Gidan, 1929 zuwa 1931

A 1929 kamfanin Gramophone ya sayi gida mai lamba 3 a titin Abbey Road, cikin unguwar St John's Wood. Gidan zama ne mai ɗakunan kwana tara, wanda aka gina a 1831. Abin da ya ja hankalin kamfanin shi ne shirun unguwar da kuma babban lambun da ke bayan gidan. An bar tsohon gidan ya zama ofisoshi, a cikin lambun kuma aka tayar da sababbin ɗakuna uku. Kafin a gama aikin, a 1931, kamfanin ya haɗe da abokin gasarsa Columbia suka zama EMI. Ran 12 ga Nuwamba, 1931, aka buɗe gidan, inda Edward Elgar ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta London Symphony.

Hikimar ginin tana cikin bambancin girman ɗakunan. Ɗaki na Ɗaya yana da tsawon kimanin ƙafa 92, faɗin 55, da tsayin 40, domin babbar ƙungiyar makaɗa da taron mawaƙa. Ɗaki na Biyu kimanin ƙafa 60 ne da 38, domin ƙananan ƙungiyoyi da mawaƙin da ke tafe da makaɗansa. Ɗaki na Uku shi ne ƙarami, domin fiyano da murya ɗaya ko 'yan kaɗan. Watau maginan sun yarda da ƙa'idar Sabine, cewa kowane irin kiɗa da girman ɗakin da ya dace da shi. A kowane ɗaki an ware wurin injiniyoyi daban, ana hango mawaƙa ta tagar gilashi. A Ɗaki na Biyu an rataya wa bango wasu dogayen barguna cike da busasshiyar ciyawar teku domin shanye sauti.

Duk da haka gini bai fito daidai tashi ɗaya ba. An daɗe ana kukan cewa Ɗaki na Ɗaya ya bushe, watau amsa-kuwwarsa ta yi gajarta ga kiɗan da aka gina shi dominsa. A shekarun 1950 aka gwada maganin lantarki, aka jera lasifika kusan ɗari a bango domin su riƙa mayar da sauti cikin ɗakin. Dabarar ba ta gamsar ba, sai da aka koma aka sake gyaran bangon kansa. Lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5.0 Kayan Aiki

Na'urorin farko na gidan na yankan kaki ne. Akan ajiye faifan kaki a wuri mai ɗumi don ya yi laushi, injin yankan kuma wani nauyi ne mai saukowa a hankali yake juya shi, domin gudunsa ya daidaita. Gefe ɗaya na faifai mai inci goma bai wuce minti uku da 'yan kai ba, kuma kuskure ɗaya kan ɓata faifan gaba ɗaya. A nan ya kamata mu ambaci injiniya Alan Blumlein, wanda ya ƙera wa kamfanin tsarin yanka na kansa domin ya huta da biyan Western Electric kuɗin haƙƙin mallaka. A Disamba 1931 ya nemi rajistar dabarar ɗaukar sauti ta hanya biyu, dama da hagu, kamar yadda kunnuwa biyu suke ji, ya kuma gwada ta a Abbey Road a 1934. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942 yana gwajin na'urar rada, kafin dabararsa ta shiga kasuwa a 1958.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tef ya maye gurbin kaki. Jamusawa ne suka inganta shi, EMI kuma ya ƙera nasa rikodoji masu suna BTR. Da tef ana iya sharewa, a yanka, a liƙa, saboda haka waƙa ta daina zama abin da dole a yi shi a numfashi guda. Daga Jamus har wa yau aka sami makirufon Neumann U47 da ɗan'uwansa U48, wanda ke ji ta fuska biyu, har mawaƙa biyu su tsaya suna fuskantar juna a kansa. Aka kuma shigo da na'urar Fairchild 660, wadda ke danne murya idan ta yi yawa. Aikinta shi ne ainihin ja da bayan da mawaƙin zamanin ƙaho yake yi da ƙafarsa.

Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne yadda aka raba murya da amsa-kuwwarta. Akan ɗauki muryar a bushe, kusa da makirufo, sa'an nan a aika ta ta waya zuwa wani ƙaramin ɗaki mai bangon tayil, wanda aka kakkafa bututan magudanar ruwa a tsaye cikinsa domin su warwatsa sauti. Lasifika ta saki muryar a can, makirufo ya kamo dawowarta, injiniya ya zuba gwargwadon da yake so kamar mai zuba gishiri a miya. A 1957 wani kamfanin Jamus ya fito da EMT 140, farantin ƙarfe mai kimanin mita biyu da ɗaya wanda ke yin wannan aiki ba tare da ɗaki ba.

Tarihin ƙungiyar Beatles a Ɗaki na Biyu ya nuna saurin sauyin. Ran 11 ga Fabrairu, 1963, sun ɗauki waƙoƙi goma na babban faifansu na farko a yini guda, a kan tef mai layi biyu, murya a ɗaya, kiɗa a ɗaya. Kafin ƙarshen shekarar sun koma layi huɗu, a 1968 kuma layi takwas. A 1966 injiniya Ken Townsend ya ƙirƙiro hanyar ninka murya da rikoda ta biyu mai ɗan jinkiri, domin John Lennon ya gaji da rera waƙa sau biyu. Da haka mawaƙi ya fara shigowa shi kaɗai, da na'urar saurare a kunne, ya ɗora murya a kan kiɗan da aka gama tuntuni.

6.0 Tsakanin Landan da Legas

Wannan tarihi ya taɓa ƙasarmu ta hannun EMI. A 1971 Fela Ransome-Kuti ya ɗauki waƙoƙi a Abbey Road, ciki har da waɗanda ya yi tare da makaɗi Ginger Baker. A 1973 kuma tafiyar ta juya, Paul McCartney ya zo situdiyon EMI da ke Apapa a Legas domin aikin faifansa Band on the Run. Abin da ya tarar rikoda ɗaya ce mai layi takwas, ɗakin kuma ba shi da shingayen raba sauti, sai da aka ƙera su ana cikin aiki. Kamfani ɗaya ne, amma abin da ya ci shekara arba'in ana gyarawa a Landan ba ya zuwa cikin akwati ta jirgin ruwa. A wannan shekara ce Baker ya buɗe nasa situdiyon mai layi goma sha shida a Ikeja.

7.0 Kammalawa

Mun ga matakai uku. A zamanin ƙaho mawaƙi ya bi na'ura, ɗaki bai da muhimmanci. Da makirufo ya zo sai ɗaki ya zama ginshiƙi, aka gina shi bisa awo. Da tef da ɗakin amsa-kuwwa kuma aka raba murya da wurin da aka rera ta, aikin da kwamfuta ta ƙarasa daga baya. A cikin wannan tsawon lokaci an sauya na'urorin Abbey Road sau da dama, mallakarsa ma ta koma hannun kamfanin Universal a 2012, amma manyan ɗakunan nan biyu na 1931 suna nan, har gwamnatin Birtaniya ta sa gidan cikin gine-ginen tarihi a 2010.

Darasin da muke ɗauka ga masu ginawa a wurinmu shi ne, a fara tambayar wace irin murya za a ɗauka. Ƙaramin ɗaki mai makirufo ɗaya da kwamfuta, irin waɗanda suka yawaita a Kano bayan bunƙasar finafinan Hausa, ya ishi mawaƙin da ke rerawa shi kaɗai a kan kiɗan fiyano. Amma makaɗin fada ko na noma, wanda waƙarsa ba ta tsayuwa sai da 'yan amshi da masu kotso ko kalangu suna kallon juna, yana bukatar fili da tsayin rufi irin na Ɗaki na Biyu. Idan muka gina ƙananan ɗakuna kaɗai, to mun zaɓar wa 'yan baya irin waƙar da za su gada ba tare da mun sani ba. Muna ba da shawarar cewa duk sashen da zai gina situdiyo ya gama awon ɗaki da kaurin bango da hanyar shigar iska marar ƙara kafin ya rubuta jerin na'urorin da zai saya.