Saniyar da ke kan allon hanya

Malam mai karatu, ko garke kake tsallakarwa a kwalta, ko motar kaya kake bi zuwa kasuwar kan iyaka, wani lokaci ranka da dukiyarka a kan allo guda suke rataye. In direba ya gane shi cikin ƙiftawar ido, an tsira. In bai gane ba, sai jaje. To, ka ji yadda Ingila ta gyara nata allunan.

A shekarun 1950 allunan hanyoyin ƙasar a hargitse suke, kowane da salon rubutunsa, ga motoci sai ƙara gudu suke yi. A 1957 aka ba wani malamin zane, Jock Kinneir, aikin tsara allunan sababbin manyan tituna. Shi kuwa ya jawo ɗalibarsa, Margaret Calvert, haifaffiyar Afirka ta Kudu, ta kama masa.

Aikin nasu ragewa ne. Suka zubar da duk wani ado. Suka daina rubuta sunan gari da manyan baƙaƙe zalla, domin ido siffar kalma yake kamawa daga nesa, kamar yadda kake gane bijiminka ta ƙaho tun bai iso ba. Daga baya aikin ya game duk hanyoyin ƙasar, aka fara aiki da shi a watan Janairun 1965: mai kusurwa uku gargaɗi ne, da'ira umarni, mai kusurwa huɗu bayani.

Allon shanu Calvert ce ta zana shi. Wata saniya mai suna Patience, a gonar danginta, ita ta kwaikwaya. Ba ciyawa, ba shinge, baƙar siffa ce kawai a kan fari. Har yau ana amfani da ita.

Saboda haka in kana da yaro mai koyon zane ko rubutun allo, ka ba shi wannan awo. Ya fara tambayar kansa abu ɗaya da yake son a gane. Ya taƙaita launi zuwa biyu ko uku, ya bar fili kewaye da rubutu. Sannan ya ja baya taku talatin ya duba. Abin da bai fito ba, ya gyara; abin da ya tare ido, ya goge. Ai kai ma shaidar da kake yi wa dabbobinka ba ta da kwalliya, amma a tsakiyar kara ba ta ɓace maka.